Akuyar da Na Yanka da Hannuna

Kakata, Iya Tabawa, ba ta yi wa mai zaman banza tatsuniya. Sai lokacin kaka ya yi, an idar da sallar isha'i, an zubo mana gyaɗa ƙwarya-ƙwarya a kusa da murhu, sannan bakinta yake buɗewa. Idan hannunmu ya tsaya da ɓara, ita ma sai ta tsaya. Ni tun ina ƙarama ba mai magana ba ce, don haka wurin zamana bayanta ne, inda nake kallon inuwar ɗankwalinta a jikin bango, ina shaƙar man kaɗanyar da take shafa wa kaushinta. Ba ta farawa yadda kowa yake farawa. "Ku matsa, baƙuwa ta iso," take cewa. Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Akwai wata tatsuniya da ba ta yi sai maza sun fita hira ƙofar gida.

Wai yunwa ce ta ishi kura da ungulu. Sai ungulu ta ari rawani ta naɗa, kura ta riƙe mata jaka, suka shiga wani gari kamar manyan baƙi. Suka sanar cewa duk dabbar da mace ta yanka mushe ce. Mutanen gari suka amsa, ba wanda ya tambayi inda aka rubuta haka. Daga nan, duk ranar da maza suka tafi kasuwa dabba ta faɗi, sai mata su kewaye ta suna salati har ta mace, a ja ta bayan gari. Kura ta yi ƙiba har ba ta iya gudu.

Ran nan aka ja tunkiyar wata yarinya. Yarinyar ta bi sawu, ta ɓuya a kogon kuka. Ta ji ungulu tana cewa, "Ci a hankali, 'yar'uwa, gobe ma kasuwa ce." Suka kwashe da dariya. Yarinya ta koma gida ba ta ce wa kowa komai ba, ta wasa wuƙa a jikin dutsen niƙa. Da wata dabbar ta faɗi, ta ambaci sunan Allah ta yanka. Ungulu ta yi ta jira a bayan gari da rawani a ka, har ya cinye mata gashi.

"Iya, za ki lalata yaran nan," in ji Innarmu daga bakin ɗaki.

"Ni tatsuniya na yi. Kin ji na kama sunan wani?" Sai ta matse gyaɗa ɗaya da ƙarfi, ta ce a hankali, kamar da murhun take magana, "Tumakina uku aka ja bayan gari, ina tsaye da hannuwana biyu lafiya lau."

Ni kaɗai na ji, saboda ni ce a bayanta.

Iya ta rasu ina aji shida na firamare. Ta bar mini 'yar akuya ja mai farin goshi. Ni nake yanko mata ciyawa in na dawo daga makaranta, ni nake cire mata kaska a kunne. Bara, wata Juma'a, maza duk sun hau babura sun tafi masallaci a Yako, sai akuyar ta tsinke igiya ta shiga gonar bayan gida ta ci gyauron dawa. Kafin mu ankara cikinta ya kumbura kamar ganga. Muka ɗura mata man gyaɗa, bai yi amfani ba. Ta kwanta, idonta ya fara juyewa.

Mata suka taru. Maƙwabciyarmu Gwaggo Lami tana ta cewa, "Wayyo, ga nama zai tafi a banza, ba namiji ko ɗaya a unguwar!" Inna ta ce mu jira a sakko. Na kalli inuwar katanga, na san ko huɗuba ba a gama ba.

Na shiga madafi na ɗauko wuƙa. Na dawo na tsuguna a gaban akuyar. Na juya ta alƙibla yadda na sha ganin Baba yana yi, na shafa farin goshin nan sau ɗaya, na ce bismillahi, Allahu akbar. Jini ya zuba sosai, ta shure-shure. Sai bayan ta daina motsi na fashe da kuka.

Da maza suka dawo, ƙanin mahaifina, Baffa Sale, ko takalmi bai cire ba.

"Wa ya yanka?"

Na ji muryata ta fito, ƙarama, kamar ta wata.

"Ni ce, Baffa."

"Ke? To a haƙa rami. Gidan nan ba a cin mushe."

"Da ranta na yanka. Kowa ya gani."

"Ji min yarinya! Bokon ke nan?"

"Ba a boko na koya ba."

Baba ya juya ya fita. Ya sake tada babur ya tafi wurin liman. Ya dawo kafin la'asar, ya ce wa Inna ta ɗora tukunya, malam ya ce halal ne, addini bai hana ba. Baffa ya ce ko halal ne shi ba zai ci ba, ba haka ya tarar ana yi ba. Aka kai masa kwanonsa, ya dawo da shi a rufe. Ni na zauna a tsakar gida, inda kowa zai gan ni, na ci nawa ina hawaye. Akuyata ce. Ban so ta mutu ba, amma da a ja ta bayan gari gara ta ƙare a hannun da ya ciyar da ita.

Maganar ta zaga unguwa. Gwaggo Lami ce ta fara cewa yarinyar da ta iya yanka wuya ba mai kai kuɗin aurenta. A makaranta aka koma kirana Sarkin Fawa. In ana muhawara a aji kan abin da mace za ta yi da wanda ba za ta yi ba, har yau ba na ɗaga hannu. Ina dai zaune a kujerar baya ina tunanin dokoki nawa ne muke bi waɗanda ba mu taɓa tambayar wanda ya kawo su ba, da kuma wanda yake ƙoshi da su.

Watan jiya, da rana tsaka, na ji ana raɗa sunana ta kan katanga. Gwaggo Lami ce, mayafinta a karkace. Zakaranta ne babur ya take, mijinta yana kasuwar Tudun Wada.

"Taimaka, 'yar nan, kafin ya mace. Kada dai kowa ya ji."

Na zaga na same shi yana fuffuka a ƙasa. Ta miƙo mini wuƙa. Na karɓa, na duba kaifinta, na juya ƙotar na mayar mata a tafin hannu.

"Gwaggo, ni ƙafafun zan riƙe miki."

Ta kalli ƙofar gida, ta kalle ni, ta kalli zakaran. Sannan ta tsuguna ta ce, "Ina ne gabas ɗin?"