Gurmin Kawu

Har yau in na shiga butik, wato kanti, na ji warin buhun dabinon da ya daɗe a ajiye, warin nan mai ɗan tsami-tsami, sai kawuna ya faɗo mini a rai, sai kuma raina ya ɓaci. Ku yi mini haƙuri, ba ni da wata magana mai daɗi a kansa.

A unguwar Gataa El Oued ta garin Tamanrasset na tashi, a wani gida mai ɗaki uku da ƙofar langalanga. Kawu ƙanen innarmu ne. Mutanen Damagaram ne, kuma gidansu gidan makaɗa ne kaka da kakanni. Babanmu ya san haka ya auri innarmu, ban ga abin da ya rage shi da shi ba. Amma kawu da ya iso Tamanrasset ya ga 'yar wani babban ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, sai ya ce wai shi jikan malamai ne, don ya san ba a ba maroƙi irin wannan 'ya. Aka ba shi ita, aka kafa masa teburin shayi da sukari a kasuwa. Ya sa farar riga, ya riƙe carbi, yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba.

Gurminsa kuwa a gidanmu yake zaune, cikin buhun dabino, bayan tukwanen innarmu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ce wa matarsa zai je gaida yayarsa. Ya shigo, ya saka sakata, ya cusa wa gurmin tsumma don kada maƙwabta su ji. Lokacin sanyi sai ya gasa yatsunsa a kan garwashin shayi kafin su yarda su taɓa tsirkiya.

Gaskiya ɗaya ce, ya iya. Innarmu in tana tankaɗe sai rariyar ta tsaya a hannunta. Waƙa ɗaya yake ta juyawa, shi ya tsara abarsa, a kan wani mai amawali da ko abinci zai ci sai ya tura ta ƙarƙashin rawani, shekara da shekaru matarsa ba ta san bakinsa ba, kullum gabansa na faɗuwa kada iska ta yaye shi ta gan shi ta guje shi. Yana rerawa yana hawaye. Ina ƙarama tausayi yake ba ni. Sai da na yi hankali na gane kansa yake yi wa kuka, matarsa kuwa ko sau ɗaya bai tambayi abin da ta rasa ba.

Ita kuwa baiwar Allah ba abin da take so irin kiɗa. In matan Buzaye sun kafa kiɗan tende a unguwa, tana bakin ƙofa tana kaɗa kai, shi kuma ya daka mata tsawa, wai kiɗa aikin 'yan iska ne, wai maroƙa ba su gaji kunya ba. A gaban innarmu ya taɓa faɗin haka, da bakinsa, bakin da ya sha nono ɗaya da ita. Innarmu ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta ɗauki mayafinta.

Ina aji biyar a lekkol, wato makarantar boko, ciwo ya kwantar da matar kawu. An kai ta asibiti, aka dawo da ita gida don ba abin da za a iya. Wata hantsi muka je duba ta ni da innarmu. Ta rame ta zama kamar kara, kwana da kwanaki ba ta runtsa ba. Ta kama hannun innarmu ta ce, "Yaya, da zan ji gurmi irin na gida ko sau ɗaya, wataƙila in samu barci."

Kawu yana zaune a bakin katifar. Na buɗe baki zan yi magana, innarmu ta matse mini cinya. Idonta na kan ƙanenta, so take ya yi da kansa. Ya miƙe ya fita, har zuciyata ta yi sanyi, don gidanmu, inda gurmin yake, lungu biyu ne kawai daga nan. Can sai ga shi ya dawo daga kasuwa da kaset ɗin wani makaɗi, ya sa a rediyo, ya koma ya ja carbinsa. Ta saurara kaɗan, ta yi masa godiya, ta ce a kashe. Kwana huɗu bayan haka ta rasu. Innarmu ba ta ko jira sadakar bakwai ba, ta fitar masa da buhun gurminsa waje, ta ce kada ya ƙara kawo mata shi gida.

Yanzu zamani ya juya. Makaɗa su ne manyan gari, su ne masu hawa jirgi, attajirai na roƙon su zo bikin 'ya'yansu. Kawu ya tsufa, surukin da yake tsoro ya daɗe a ƙasa, sai ga shi a ƙofar butik da gurmi tsirara, samari na ɗaukarsa a waya, yana ba su tarihin kakanninsa makaɗa har da buga ƙirji. Ya ma tsara sabuwar waƙa ta marigayiya, masu wucewa na share ƙwalla suna cewa kai, wannan tsoho ya so matarsa.

Makon jiya na bi ta wurin zan sayi gawayi, ya hango ni, ya ɗaga hannu.

"'Yar yayata, zo ki ji wadda na yi mata."

Na ce, "Kawu, ai ta roƙa tun tana da kunne."

Na wuce wurin mai gawayi.