Mutumin da ya kori jirgi da babban yatsa

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da muka kai Labbo makwancinsa a Banga. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma duk wanda ya san al'adarmu ya san tsakanin taubasai babu kunya babu fushi. Ka zage shi ya yi dariya, ya zage ka ka shanye. Na yi shekara arba'in ina cin moriyar wannan dokar, sai sau ɗaya tak na wuce gona da iri, kuma shi ne abin da ya hana ni sakat har yau.

Labbo ya yi aiki a wani filin jirgin sama na Arewa. Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ta rasu tana gaya wa matan Banga ɗanta jirgi yake tuƙawa, ba wanda ya iya gyara mata. Gaskiyar magana, aikinsa duba titin da jirgi ke sauka a kai. Kullum safiya, da duk lokacin da aka gama ruwa, zai bi titin nan daga farko har ƙarshe yana tsintar ƙusa da noti da tsakuwa, yana korar tsuntsaye, yana duba ko awaki sun sami ɓaraka a shinge. Ni kuwa malamin firamare ne a Ƙaura Namoda, ina ji da allina da farar rigata, don haka na naɗa masa sarautar Sarkin Shara. In ya zo hutu sai in durƙusa in kwashi gaisuwa, shi kuma ya ɗaga hannu ya amsa kamar gaske.

Amma in hira ta yi hira, bakina a buɗe nake saurarensa. Shi ya fara gaya mini cewa sauka ta fi tafiya a sama wahala. Ya ce mu 'yan Ƙaura bai kamata a yi mana dogon bayani ba, tunda a garinmu layin dogo ya ƙare, mun san abin da ake nufi da ƙarshen hanya. Titin jirgi ma yana da ƙarshe. In matuƙi ya shigo da gudu fiye da kima, ko ya wuce inda ya kamata tayoyinsa su fara taɓa ƙasa, ko iska ta turo shi ta baya, to ya ci rabin titin tun bai taka birki ba. Ya ce duk jirgin da ya sauka yana barin baƙin roba a kan kwalta, yau kaɗan gobe kaɗan, in ba a kankare ba ranar da ruwa ya zuba sai wurin ya koma kamar bakin rijiya. Abin da ya fi jin tsoro shi ne ruwan da ya kwanta, domin taya kan hau bisa ruwan ta yi ta sulu, birki ya zama ado.

Ga shi manomi ɗan manomi. Idonsa ya saba da gonakin Banga, ya san tudu ya san kwari ko da a duhun gero ne. Ya lura akwai wani wuri a titin, daidai inda jirage ke kama birki, da ciyawar gefensa ta fi ko'ina kore, irin ciyawar da ke son fadama. Tun daga nan in an yi ruwa can yake fara zuwa. Sai ya tuɓe takalmi ya taka, kamar yadda ake gwada ko ƙasa ta isa shuka.

Wata rana da la'asar, cikin marka, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jirgi na tafe da wasu manya da ake jira a wani taro. Aka tura Labbo ya duba. Ya tuɓe takalmi, ruwa ya rufe masa farcen babban yatsa. Ya ɗauki oba-oba ya gaya wa na hasumiya, masu ba jirage izinin sauka, cewa shi dai bai yarda da titin ba. Aka sake tambayarsa, ya maimaita. Jirgin ya yi ta kewaye, daga ƙarshe ya juya wani gari. Kafin a yi haka ruwa ya tsane, rana ta fito tas, waɗanda suka zo tarbar manya suka ga titi a bushe. Aka ba shi takardar tuhuma, aka tambaye shi da wace na'ura ya auna. Ya ce da ƙafarsa. Aka mayar da shi gadin sito, bai daɗe ba ya ajiye aikin ya dawo gona.

Ba a jima ba muka haɗu wurin suna a Dauran, zaure cike da mutane. Yana shigowa na miƙe na ce, "Ku ba da hanya, ga mutumin da yak kori jirgi da babban yatsa." Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi dariya, don taubashi ba shi da ikon ɓata rai. Da muka fito yana sa takalmi, ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma ba ka yarda ba ke nan? To ni dai abin da nig gani shi nih hwaɗi. In da na yi kawaici anka sauka, mi za ni ce ma Allah?" Na ce wasa nake yi. Ya ce ya sani. Daga ranar bai ƙara yi mini zancen jirgi ba har ciwon ajali ya same shi. Magana zarar bunu ce.

Bayan sadakar arba'in, mai ɗakinsa ta aiko mini da wani gwangwanin madara, ta ce shi ya ce a ba ni. Na buɗe na ga ƙusoshi da notuna da guntun taya da wani ɗan makulli, tsintuwar shekara da shekaru. Ba wasiƙa, ba komai. Har yau ban san ko tsokana ce ta ƙarshe ko ƙara ce ya kai ni ba.

Gwangwanin nan ne ya mayar da ni ɗalibi. Duk sanda aka ce jirgi ya zame daga titi ya shiga ciyawa, sai in bi labarin har inda ya tsaya. Yanzu kafin fasinjoji su gama fitowa hoton ya iso wayoyin 'yan kasuwar Shinkafi, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce tsohon jirgi ne, wancan ya ce matuƙi ne, wani ya ce ƙaddara, a rufe zance. Ƙaddara gaskiya ce, amma ruwa ba ya tsami banza. Nakan yi tunanin tambayoyin da Labbo zai yi. A ina taya ta fara taɓa ƙasa? Yaushe aka ɗauke ruwa? Yaushe rabon da a kankare roba? Wa ya taka titin kafin jirgin ya iso, kuma da ya faɗi abin da ya gani, an saurare shi? Masu bincike sukan amsa irin waɗannan, sai dai kafin rahotonsu ya fito mun daɗe da komawa wani zancen. Kuma kusan kullum ba abu ɗaya ba ne, ƙananan abubuwa ne ke haɗuwa rana guda.

A cikin wannan karance-karance na gano cewa ruwan da ya ɗara kaurin ƙwayar dawa a kan titi, masu aikin sun fara lissafa shi cikin abin tsoro. Na ajiye takardar na dubi babban yatsana. Na ji kunya ƙwarai. Yau an ce akwai na'urorin auna ruwa da santsi, ina son sanin ko Labbo zai yi murna da su. Ina jin zai yi, sannan ya tambaya wa ke fita da su cikin ruwa.

Ko jirgin ranar nan zai zame in da ya sauka? Allah kaɗai ya sani. Wannan ce wahalar aikin irin su Labbo: in sun yi daidai ba abin da ke faruwa, ba kuwa a yi wa mutum kirari a kan abin da bai faru ba.

Bara na shiga jirgi zuwa ganin likita. Muna gab da sauka cikin ruwa, har ina ganin kwalta, sai inji ya yi ruri muka sake yin sama. Aka ɗauki salati. Wani alhajin Zurmi da ke kusa da ni ya ce, "Wanga direba bai iya ba, ga hili ƙasa yana gani." Na ji bakina yana ba shi amsar da Labbo ya taɓa ba ni, cewa matuƙin da ya fasa sauka ya sake kewayowa shi ne wanda ya iya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da muka sauka lafiya na hango wata mota mai fitila ruwan ɗorawa a gefen titi, da mutum tsaye cikin rigar ruwa. Na yi ta leƙe ta taga in ga ƙafarsa, da takalmi ko babu, jirgi ya wuce ban gani ba.

Labbo bai bar gidan bene ba. Ya bar gona a Banga, da gwangwani a kan teburina, da wasu mutane cike da jirgi da suka koma gidajensu suna zagin wanda ya ɓata musu lokaci, ba su ko san sunansa ba. Allah ya sa tasa saukar ta yi daɗi, ya yalwata masa kabari.

An ce taubashi ba ya ba da haƙuri, to ni yau na karya al'ada. A zauren Dauran na yi maka dariya gaban mutane, Labbo, shi ya sa na zo gaban mutane in amsa tambayarka. Na yarda.