Ɗigo Huɗu a Ƙasan Motar Ibram

Ɗan Talata bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Yana da shekara goma sha biyar ubansa, manomin gero a Gamu, ya kawo shi Gure ya damƙa shi a hannun wani mai walda. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana durƙushe a ƙarƙashin motocin mutane. Bai taɓa mallakar abin kare fuska na kirki ba, sai baƙin tabarau na kasuwa, wani lokacin ma tafin hannu kawai. In ido ya kama shi da raɗaɗi kamar an zuba masa yashi, sai ya ɗiga madarar gwangwani ya kwanta, washegari ya koma kan aiki.

An fi saninsa da aikin ƙasan mota. Motocin da ke ɗauko kanwa daga kwari ba sa tsufa ta inji, ta ƙasa suke ruɓewa. Garin kanwa ya shiga kowane lungu, damina ta jiƙa shi, sai ya ci ƙarfe kamar gara. Ka'idar aikin ɗaya ce, kuma ya san ta tun yana yaro: a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙarfe mai rai, sannan a ɗora sabo.

Sau ɗaya ya karya ta, shekara tara da suka wuce.

Ibram, abokinsa direba, ya zo da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya ana jajiberin kasuwar Kelle. Wajen ajiye ƙafar fasinja ya huje, mutum yana zaune yana kallon hanya tana gudu a ƙarƙashinsa.

"Aikin kwana uku ne," in ji Ɗan Talata.

"Kwana uku? Kai dai maƙerin ƙarya ne. Ɗora mini wani abu a kai in je in dawo, ran nan ka yi naka iyayin."

Ɗan Talata ya yi dariya, ya fasa tano, wato duro na ƙarfe, ya daddage shi, ya shimfiɗa a kan tsatsar yadda take. Ya ɗiga walda a kusurwa huɗu, ya shafe da kwalta, ya mayar da tabarmar roba. Ya yi kyau a ido. Ibram bai dawo da motar ba, shi ma bai tuna masa ba.

Wata bakwai bayan haka, a hanyar Kelle, motar ta faɗa wani rami. Rumasa'u matar Ibram ce a gaba, za ta ta'aziyya. Ta taka ƙasa da ƙarfi don kada ta buga goshi, sai ƙarfen ya zame. Ƙafarta ta dama ta bi shi. A asibitin Damagaram aka yanke ta daga gwiwa.

Gari ya ce ƙaddara. Ba wanda ya ɗaga tabarma ya duba. Ibram ya tura motar gindin aduwa a bayan gidansa, bai sake tuƙi ba har ya rasu bara. Ɗan Talata kuwa ya daina bi ta layin gidan. Ya je jana'iza, amma bai iya shiga ciki ya yi wa matar gaisuwa ba. Abu ɗaya yake so kafin ya bi abokinsa: ya faɗa mata, ta yafe masa. Sai dai bakinsa ya yi nauyi, idonsa kuma yana ta dusashewa. Na hagu ya riga ya mutu, na dama yana gani kamar ta cikin hayaƙi.

Bana bayan girbi Fadilu, babban ɗan Ibram, wanda ya dawo daga aikin tuƙi a Agadas, ya jawo motar da amalanken shanu har bakin gareji.

"Baba, so nake ta tashi yadda take a zamanin tsoho. Inji na samu mai yi. Ƙasa kuwa naka ne."

"Akwai masu ido a garin nan, ɗana."

"Inna ce ta ce kai."

Ɗan Talata ya shafa ƙofar motar. Ya ce a bar masa ita, zai yi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Da ya ɗaga ruɓaɓɓiyar tabarmar, ga gutsuren tanon nan yana lilo a kusurwa ɗaya, da busasshiyar kwalta a jikinsa. Ibram bai cire shi ba. Ya laluba da yatsa ya ji ɗigon waldarsa, ukun sun ɓalle da ɓawon tsatsa manne a bayansu, domin tun farko ba a kan ƙarfe suka zauna ba. Ya cire gutsuren ya jingine a bango.

Daga nan ya kama sara. Tun da ido ba ya rarrabe masa, sai ya koma kunne: ya ƙwanƙwasa da guduma, inda ya amsa a dushe ya yanke, inda ya yi ƙara ya tsaya. Ramin ya yi ta faɗi har ya cinye ƙasan kujera da gindin ƙofa. Ya kankare bakin, ya wanke garin kanwa da ruwa sau uku, ya bar shi a rana. Ya auna da kwali, ya yanka sabon tol, farantin ƙarfe mai kauri, ya buga masa kwari-kwari don kada ya lanƙwashe. Wannan karon walda ya zagaye ta gaba ɗaya. Don ya ga layin, dole ya cire tabarau ya kusanto da fuskarsa har yana jin zafin a girarsa. Matarsa Habiba ta ce masa ragowar idon yake ƙonawa. Ya ce ya sani.

Ranar da ya gama, Fadilu ya kawo uwarsa a bayan babur da la'asar. Ta sauko da sandunanta, ta leƙa cikin motar, ta doka ƙasan da sanda sau biyu. Ƙarfen ya amsa da ƙarfi.

Ɗan Talata ya lalubo gutsuren tanon ya ajiye a gabanta. Inuwarta kawai yake gani.

"Uwar Fadilu, wannan aikina ne. Ban yanke tsatsar ba, a kanta na ɗora. Na san ba zai riƙe ba, na kuma bar Ibram ya tafi da motar. Ki yafe mini."

Fadilu ya koma gefe.

"Marigayi ya ce shi ya matsa maka," in ji ta. "Kullum haka yake cewa, laifinsa ne. Kai ma ga shi ka ce naka ne. Kowa na son laifin, amma ni kaɗai ke rarrafe zuwa banɗaki."

"Gaskiya ne."

"Da na ce a kawo maka, so nake in ga ko za ka buɗe baki. Ka buɗe. Na ji." Ta gyara sandunanta. "Shekara tara ka ɗauka kafin ka faɗa. Ni ma ka bar ni in ɗauki nawa."

Fadilu ya buɗe mata ƙofar motar don ta zauna ta huta. Ta ce a'a, babur ya ishe ta.

Wannan ne aikin Ɗan Talata na ƙarshe. Kafin sanyi ya wuce idon dama ya bi na hagu. Yanzu Habiba ke rako shi bakin gareji da hantsi, ya zauna a kan tsohuwar taya, masu walda su kawo masa ƙarfe ya ƙwanƙwasa ya faɗa musu inda za su yanke. Motar Ibram ta koma hanyar Kelle. Ya san kukanta tun daga nesa, kuma duk ranar da ta taho yakan ɗaga kai, ko za ta rage gudu a ce Inna ta aiko. Fadilu yakan danna oda ya gaishe shi, ya wuce.