Ranar da Tafinta Ya Fassara Gaisuwa

Shekara goma sha tara Tafinta ya yi a wani kamfani mai shigo da injunan ban-ruwa daga ƙetare. Kujerarsa tana bakin ƙofar ɗakin taro, kusa da firji. Duk kwantenar da ta maƙale a tashar jiragen ruwa, bakinsa ne ke fito da ita. Baƙi masu kamfanin su ce dokar ƙasarsu ta hana ba da cin hanci, shi kuma ya lallaɓa su: "Ai gaisuwa ce. Nan ba a zuwa wurin babba hannu na dukan cinya." Su gyaɗa kai, a miƙa ambulan.

Wanda ake miƙa wa ɗan baffansa ne, Dogo, mai buga hatimi a ofishin fiton kaya. Aji ɗaya suka yi, kuma Tafinta ke yi masa lissafi. Yau ga Dogo da bene da motoci biyu, shi kuwa babur ɗinsa sai an tura.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bakin mahaifiyarsa. Ko lemo Dogo ya aiko, sai ta wuni tana sa albarka. "Yaron nan ya san zumunci." Matar Tafinta ma in ta dawo daga gidan Dogo, kwana uku ake yi ana labarin labulen gidan.

Aka kawo sabuwar manaja, mace marar son kwana-kwana. Ranar da Dogo ya zo ofis da agogon da ke kashe ido, ya dafa kafaɗar Tafinta a gabanta yana dariya.

"Ɗan'uwa, har yanzu rigar nan? Tun bikina na san ta."

Da ya fita, manaja ta rufe ƙofa ta tambayi Tafinta ainihin ma'anar gaisuwar nan.

Ya ji wuyan rigar na sukar sa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, cin hanci ne. In ba a bayar ba, hatimi ba ya sauka."

Manaja ta kai ƙara, wata bai cika ba aka dakatar da Dogo. Baffa ya aiko cewa kada Tafinta ya sake taka masa gida. Mahaifiyarsa ta dube shi ta ce, "Tsoron Allah ne, ko baƙin ciki?" Ya kasa ɗaga kai, don ya san amsar.

Wanda aka ɗora a kujerar Dogo ya fi shi faɗin baki wurin neman gaisuwa, manaja kuma ta ƙi bayarwa. Kaya suka yi wata huɗu a tasha, har kamfanin ya haƙura ya koma wata ƙasa, Tafinta ya koma koyar da yara a wata makarantar kuɗi.

Dogo kuwa ya buɗe shagon tayoyi a kan babban titi, ciniki har da layi. Ta nan ce hanyar makaranta mafi kusa, amma kullum Tafinta sai ya zagaya ta bayan kasuwa.