Faskari Ba Ta Zama Ta Biyu

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, an sa wa ofisoshin taki na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa injin buga saƙo. Kowanne yana da ɗan akwati da ake kira modem, wanda ke haɗa shi ta wayar tarho da babban inji a hedikwata. A bayan akwatin akwai maɓalli mai juyawa, shi ne lambar ofis: Ƙanƙara ɗaya, Faskari biyu, Sabuwa uku. Da lambar nan babban injin ke sanin wa zai ba saƙo. Ni aka ɗauka in kula da su, aka ba ni babur.

Wata biyu lafiya lau, sai saƙon Ƙanƙara ya fara faɗowa a Faskari, wani lokacin duka biyun su yi gum. Manaja ya kira ni hedikwata. Bai ce na sayar da akwatin asali na sa na banza ba, amma tambayoyinsa duk can suka nufa. Ya ba ni zuwa Juma'a, ko in gyara ko in ajiye makullin babur. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na tsorata.

Ni ma sai na koma zargin kowa. Na zargi ɓera. Na zargi masu gyaran waya, na bi turakunta har Yankara ina ɗaga kai kamar mai neman zuma. Akawun Sabuwa kuwa, don kawai ya cika murmushi, na yi masa tambayoyin da har yau nake jin kunyarsu.

Ranar Alhamis na juya akwatin Faskari, na ga maɓallin a kan ɗaya. Ofis biyu ke amsa lamba guda. Na mai da shi biyu, na fita sallar azahar, na dawo na same shi a kan ɗaya.

Shugaban ofishin dattijo ne, sa'an mahaifina. Na rusuna na tambaye shi ko wani na taɓa akwatin. Ko gezau bai yi ba.

"Ni na juya shi. Yaron da ke Ƙanƙara ni na koya mashi aiki. Mi za ya sa shi zama na ɗaya, ni na biyu?"

Na ce, "Alhaji, ai lambar ba ta girma ba ce."

Ya ce to in ba ta girma ba ce, a ba wancan biyun mana.

Haka na yi. Na roƙi na Ƙanƙara, ya yi dariya ya yarda, na sa aka sauya a hedikwata, saƙo ya miƙe. Saura rahoto. Ba ni da bakin rubuta sunan Alhaji a takardar laifi, sai na rubuta cewa ni na yi kuskuren lamba tun farko.

An bar mini babur. Amma har na bar aikin, duk ofishin da na shiga, sai manaja ya sa a ƙirga akwatuna bayan fitata.