Dutsen da Aka Tsinta a Tokar Rumbun Yayana

Mun tashi da asuba ranar Talata, ana sallame salla, daga kudancin Matameye. Mu biyar ne: madugu, fatake uku masu kai kanwa Kano, da ni. Jakuna goma sha ɗaya, babu nawa a ciki. Ba wanda ya rako ni. Yayana Illa bai ma san da tafiyar ba, don wata huɗu ke nan rabona da yi masa magana.

Bari in faɗi dalili tukuna. Da farkon damina Illa ya yi rigima da maƙwabcinsa a kan iyakar gona. A gaban mai gari ya rantse da aradu bai matsar da gambar iyaka ba. Bayan kwana ashirin tsawa ta faɗa wa rumbunsa. Da aka tone tokar aka tsinci wani dutse kore-kore, sumul, mai baki kamar gatari. Mutane suka ce gatarin aradu ne, daga sama aka jefo shi ya tona mai rantsuwar ƙarya. Aka daina gai da Illa. Ni ma na ɗauke akushina daga tabarmar da muke ci tare tun muna yara. Bayan kaka wani falke ya ga dutsen ya yi dariya, ya ce a duwatsun Kazaure da irinsa mata ke tokare tukunya. Ni ban yi dariya ba. Na sa dutsen a jaka na nemi ayari.

Rana ta farko rairayi ne zalla, jaki na nutsewa, mutum na nutsewa. Rana ta biyu madugu ya gano abin da nake ɗauke da shi. Bai kore ni ba, amma ya ce in riƙa tafiya a baya, kada jakata ta taɓa kayansa. Fataken suka sa mini suna Malam Mai Fataucin Tsawa. In an sauka su huɗu su kewaye ƙwarya ɗaya, ni a zuba mini fura a ludayina in koma gindin wata bishiyar. A Daura na ci ɗanwake a tsaye, na yi salla, ban yi hira da kowa ba. Kwana uku kawai aka yi mini haka, abinci ya daina yi mini daɗi.

Rana ta biyar ƙasa ta yi tauri ta yi ja, duwatsun Kazaure suka bayyana. Ayari ya wuce zuwa Kano, ni na ratse zuwa wani ƙauyen maƙera masu narka tama. Wani tsoho a cikinsu ya karɓi dutsen da hannu tsirara, ya juya shi, ya ce in biyo shi. Abu uku ya nuna mini.

Na farko, tudu ne dogo, baƙi-baƙi mai ratsin kore, duwatsunsa a tsaitsaye falle-falle kamar takardun littafi. Ya fasa guda. Cikinsa da na jakata launi ɗaya.

Na biyu, a gefen rafi dutsen wurin ya yi curi-curi kamar furar da aka danne a faifai, da ƙananan ƙofofi a jikinsa. Tsohon ya ciro kashin tama daga aljihu ya ajiye kusa. Ƙofofin iri ɗaya ne.

"Ɗana, duk abin da ya yi ƙofofi haka wuta ya sha," in ji shi. "Wannan dutse ya taɓa narkewa. Daga cikin ƙasa ya gudano, ya huce, tun babu mai kallo."

Na ce, "Baba, wa ya zuga wutar?"

Ya ce, "Wanda ba ya bukatar zugazugi."

Na uku, a kan wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, akwai gurabe dogaye, sumul, inda mutanen farko suka riƙa wasa gaturan dutse tun ba a san ƙarfe ba. Ga waɗanda ba a gama ba nan zube. Na sa nawa a gurbi guda, ya zauna daram. Na tambaye shi yadda ya kai Matameye, ya ce yadda kanwarmu ke zuwa nan, wani ne ya ɗauka a ka. Sa'an nan ya tambaye ni a kan me muke girke rumbu. A kan duwatsu ne, kuma ƙasarmu ba ta da su, sai wanda garma ta tono a gona. Na Illa ni na taya shi tara su. Na zauna a kan fan nan, na daɗe ban tashi ba.

Na komo ni kaɗai, kwana shida, da duwatsu bakwai a ka. Na tarar da ƙofar Illa an tare ta da ƙaya. Matarsa ta koma gidansu a Dungu. Shi kuwa ya fita kwana uku bayan tafiyata, da sanda da buta, ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Na zube duwatsun gaban mai gari na yi bayani bi da bi. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai aradu na iya zuwa can ta ɗauko.

Abin da na koya shi ne: tsawa ta Allah ce, tana sauka inda Ya so. Dutsen kuwa na ƙasa ne, bai ga rantsuwa ba balle ya ba da shaida. Kuma kamata ya yi in yi wannan tafiya kafin in ɗauke akushina.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, malami ko falke, ya duba mini Illa a zango da kasuwa. Dogo ne, baƙi, ɗan yatsan hagunsa guntu, ba ya yawan magana. In ka gan shi ka gaishe shi tukuna, ka ci abinci tare da shi, sa'an nan ka ce ƙaninsa ya ce ya komo gida.