Kawu da Ƙwaƙwalwar Lif

A wurin aiki In-Ta-Ɓaci suke kiransa, mu kuwa a gida Kawu ne, ƙanin mahaifiyata. Bakinsa ne ya jawo masa laƙabin. Duk shawarar da aka kawo a taro, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "To, in ta ɓaci fa?"

Kamfaninsu lif yake haɗawa, irin wanda ke kai mutane saman dogayen benaye. A cikin kowanne akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai tafin hannu ba, kuma abu ɗaya take iya yi a lokaci guda. Ga duba birki, ga buɗe ƙofa, ga nuna lambar hawa, kowane aiki da wa'adinsa. Na gaggawa yakan katse wanda bai kai shi ba, amma ba ko'ina ake katsewa ba. Akwai gaɓar da in an yanke ta a tsakiya komai zai dagule, dole mai gaggawa ya jira. Kawu ne ke zaɓar inda za a yarda a katse, sannan ya tabbatar da lissafi cewa ko ranar da ayyukan suka taso gaba ɗaya, birki ba zai makara ba.

Na taɓa tambayarsa ko ya ga irin wannan rana.

"Ban gani ba, 'yata, ba na kuma fata," in ji shi. "Amma ita nake yi wa aiki."

Ofishinsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen lungu, mai taga ɗaya da farin allo da tawada ta dafe. In ya tura ƙofa, ko manaja ba ya ƙwanƙwasawa. Anti, matarsa, takan tsokane shi: "Mai lissafin ƙiftawar ido, amma a aike shi kasuwa sai an cire rai."

Furfura ta gama cinye kansa lokacin da aka sayar da kamfanin. Sabbin masu shi suka ce sun daina ƙera ƙwaƙwalwar, haɗaɗɗiya za a riƙa sayowa daga waje. Ɗakin Kawu ya koma ma'ajiyar kwalaye. Da yake ritayarsa ta kusa, ba su sallame shi ba, sai suka ajiye shi a teburin karɓar koke, tsakanin wayoyi biyu.

Ya je ya sami sabon manaja, ya tambaye shi wa ya yi lissafin sabuwar ƙwaƙwalwar.

"Masu ita sun yi, Baba. Ka kwantar da hankalinka."

Hankalin bai kwanta ba. Ya nemo bayanan na'urar, ya fara lissafin da kansa a gefen tebur. Sai ya kamo bakin zaren, waya ta yi ƙara: ƙofar wani ta maƙale, fitilar wani ta mutu. Kafin ya ajiye, zaren ya kubce, sai ya koma farko. Watanni ana haka. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Rannan har ya daka wa Anti tsawa don ta ce abinci na hucewa, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe su, na tarar da shi zaune a ƙasan falo, ya cire tabarau yana murza ido.

"Na gama," ya ce.

"Ina matsalar take, Kawu?"

"Babu. Sabuwar ƙwaƙwalwar ta fi tawa nesa ba kusa ba. Inda ni nake sa birki ya jira, su sun sami hanyar da ko a mafarki ba ta zo mini ba."

Anti ta leƙo daga kicin. "To ai sai godiya ga Allah, Malam."

"Haka ne."

Ya mayar da tabaraunsa. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Kin san abin da ke ci na? Kuskure na so in samu. 'Ya'yan mutane ne ke shiga abin nan, ni kuma ina nan ina fatan a ce da aibi, don kawai a sake nema na."

Anti ta zo ta zauna kusa da shi.

Bai kai wa manaja sakamakon ba, ba wanda kuma ya tambaya. Ya ci gaba da amsa waya har wa'adinsa ya cika. Ranar bankwana manaja ya yabe shi a matsayin dattijon da bai taɓa ɗaga wa mai koke murya ba, aka tafa, aka miƙa masa filas. Yawancin masu tafin ba su san ya taɓa yin wani aiki ba.

Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Da safe yakan ba shukokin Anti ruwa, sauran yini yana gaban talabijin, sautin a kashe. In na ɗauko zancen aiki, sai ya tambaye ni lafiyar yara.